Allah Ya Ja Zamanin Kyamarar Kwali

Gaishe ki 'yar baƙa mai malafa, wadda ake hangowa a ba da hanya! Gaishe ki sha-yabo a kwali, sha-kallo a hannu, holoƙo hadarin kaka! Duk wanda ya ƙudurta fara ɗaukar bidiyo don ya ɗora a YouTube ko TikTok ko Facebook, tambayarsa ta farko ita ce: wace kyamara zan saya da ɗan abin da ke aljihuna? Masana sun cika mana kunne da dogon turanci. Ni amsata gajera ce. A sayi wannan 'yar kyamarar da ta cika shagunan intanet, wadda farashinta bai kai dala 100 ba, wadda aka rubuta wa 4K da 48MP da manyan haruffa masu ruwan zinare, wadda ke zuwa da makirufo a bisa kanta, da rimot, da batir biyu, da jaka, har da ɗan ƙyallen goge gilashi. Tun da aka fara ƙera kayan lantarki ba a yi wanda ya san darajar talaka kamarta ba.

Tawali'unta kaɗai ya isa a so ta. Su Sony da Canon da Panasonic girman kai ya yi musu yawa. Sai sun buga sunansu a goshin kaya, sun buɗe ofis, sun ba da garanti, wai don in abu ya lalace a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ita ba ruwanta da neman suna. Yau ka gan ta da wani suna da harshe ba ya iya furtawa, gobe ka sake ganin ta, jiki ɗaya, maɓallai ɗaya, da wani sunan dabam. Wanda ya ƙera ta ya yi aikin alherinsa ya ɓoye kansa, yadda ko godiya ka so yi masa ba za ka same shi ba, balle ƙorafi. A wannan zamani na riya, ina aka bar mai irin wannan ikhlasi?

Sai kuma kyauta, wadda a nan ne ta tsere wa tsara. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera. Wanda ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira 4K yana da 3,840 da 2,160, wato kusan miliyan 8.3, ninki huɗu cif. Marowatan kamfanoni sun ɗaure wa kansu kai, sun ce ba za su rubuta 4K a kwali ba sai idon kyamarar ya ga waɗannan ɗigo miliyan takwas ɗin da gaske, shi ya sa kayansu ke tsada. Gimbiyarmu ta fi su wayo. Da yawa daga cikin danginta miliyan biyu suke gani, wasu ma 720p, wanda bai cika miliyan ɗaya ba. Sai ta ɗauki kowane ɗigo ta shimfiɗa shi ya cike gurbin huɗu ko tara, ta miƙo maka fayil mai faɗin 3,840 babu ko ɗaya da ya ɓace. In ka duba a kwamfuta za ka ga lambar daidai take. Dabarar mai nono ce da ta ga ƙwarya ba ta cika ba ta nufi randa: ƙwarya ta cika har baki, fari yana nan, wanda ya ce bai ji ɗanɗano ba shi ya jiyo. Kai da ka biya kuɗin ɗigo ɗaya aka ba ka tara, da wane baki za ka yi ƙorafi?

Haka take yi da lokaci. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowane sakan, talabijin ɗinmu 25, yawancin wayoyi kuma 30. Wasu daga cikin 'yan uwan gimbiya, in ka saita su a kan 4K, sai su ga ba dalilin wannan gaggawa, su tsaya a 15 ko kusa da haka, ko su maimaita hoto ɗaya sau biyu don lissafi ya cika. Sakamakon haka duk wanda aka ɗauka yana tafiya sai ya koma mai ƙasaita, yana ɗingisawa daga wuri zuwa wuri, hannunsa yana nan sai kuma ka gan shi can. Ɗan kokawa ya yi kaye, mai kallo bai ga yadda aka yi ba, sai dai ya ga mutum a ƙasa. Ai ba komai ne ya kamata ido ya gani ba.

A gefen kwalin za ka ga an rubuta 16X ko 18X, wato ƙarfin zuƙo abin da ke nesa. Kyamarori masu wahalar da kansu suna da jerin gilasai a ciki waɗanda ke matsawa gaba da baya, su jawo abin da ke nesa ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan aiki ne na injiniyoyi, kuma kuɗi yake ci. Ita kuwa gilashinta zaune yake daram. In ka danna maɓallin zuƙowa, sai ta yanko tsakiyar hoton ta hura shi ya cika allo. Mu yi lissafi tare. In ka zuƙo sau 16 a hoton 1080p, abin da ya rage na gaskiya shi ne ɗigo 120 a kwance da kamar 68 a tsaye, wajen ɗigo 8,000 daga cikin miliyan biyu. Da wannan ɗan saura za ta zana maka fuskar liman a kan mumbari ko ta ango a rumfa. Ba za a gane ko wane ne ba, gaskiya ne, amma wannan ai rufin asiri ne. A lokacin da kowa ke kukan ana ɗaukar hotonsa a watsa ba da izininsa ba, ga kyamarar da ko ka ɗauki mutum ka watsa, uwarsa ma ba za ta shaida shi ba.

Wannan sutura ba ta tsaya ga na nesa ba. A bayan gilashin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, wanda masu sana'ar ke kira sansa, kuma girmansa ne ke yanke hukuncin yawan hasken da zai tara. Na manyan kyamarori milimita 36 ne da 24. Na Sony ZV-1, wadda aka fitar a 2020 musamman don masu bidiyon intanet, milimita 13.2 ne da 8.8. Irin wanda aka saba sa wa ƙananan kyamarori masu araha, wanda ake kira sulusin inci, milimita 4.8 ne da 3.6. Da rana tsaka a fili ba laifi, ana ganin mutum mutum ne. Da zarar ka shiga ɗaki, ko la'asar ta yi sanyi, sai hoton ya cika da yashi-yashi mai motsi, ita kuma ta bi shi da goga ta shafe, ta haɗa da ƙurajen fuska, da tamoji, da furfurar gemu, da gashin gira. Mata suna kashe dukiya wajen masu kwalliya don a ɓoye abin da wannan baiwar Allah ke ɓoyewa kyauta. In kuwa ka sha farar shadda ka tsaya ƙofa tana bayanka, sai ta auna hasken da shaddar, ta rage komai, ta bar riga da hula suna bayani su kaɗai. Wanda ya ɗinka shaddar zai ji daɗi, don aikinsa ne kawai ya fito.

Akwai ma maɓallin gani da dare, mai 'yan fitilu da ido ba ya ganin haskensu. Yakan kai taku biyu ko uku, ya mayar da kai toka-toka da idanu masu ƙyalli. Duk mai shirin fim ɗin aljanu ya huta da neman mai kwalliya.

Amma inda na fi sara mata shi ne adalci wajen ɗaukar murya. Makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga mai son kai ne, muryar mai magana kawai yake ji, saboda tazarar da ke tsakaninsa da baki ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ƙa'idar sauti kuwa ita ce duk lokacin da ka ninka tazara, ƙarfin da ke iso maka yana raguwa zuwa rubu'i. Gimbiya tana can taku huɗu ko biyar nesa da kai, da makirufonta a ka, saboda haka ba ta fifita ka a kan kowa. Janareton maƙwabci yana da haƙƙi, ta ba shi. Injin markaɗe yana da haƙƙi, ta ba shi. Ɗan a-daidaita-sahu mai danna oda, da akuyar da ke neman ɗanta, da fankar silin, da iskar hunturu da ke bugun makirufon, har da ƙarar yatsanka a jikin robar, kowa ya samu rabonsa daidai wa daida. Kai da ka zauna koyar da yadda ake haɗa sabulu ko karanta labarin wasanni, muryarka tana can ƙasa cikin jama'a, kamar ta kowane ɗan ƙasa. Masu sana'ar bidiyo sun daɗe suna cewa mai kallo zai jure hoto mai dishi-dishi amma ba zai jure murya mara fita ba, zai wuce ne kawai. To ya wuce mana. Masu haƙuri muke nema, kuma wannan kyamara tana tace mana su.

Batir biyun da take zuwa da su ma hikima ce, domin ta san halin na farkon. Kana cikin bayani ka kai inda ya fi daɗi, sai ta ɗauke wuta ta ba ka damar shan ruwa. Memori kuwa, in ka haɗa ta da ɗan uwanta na jabu, wanda aka rubuta wa 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai su haɗa kai su taya ka zaɓe: abin da ka ɗauka da safe yana nan, na yamma ya ƙi buɗuwa.

Kada kuma a manta da gudummawarta ga tattalin arziki. YouTube na ba da shawarar a ɗora bidiyon 1080p a kan megabit 8 a sakan, na 4K kuma 35 zuwa 45. Ma'ana, bidiyon minti goma na 1080p zai kai megabayit 600, na 4K kuwa ya haura gigabayit biyu da rabi. Tunda fayil ɗin gimbiya sunansa 4K, nauyinsa ma na manya ne, ko da hoton da ke ciki na yara ne. Ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ka kwana kana ɗorawa, datarka ta ƙare, ka sake saye. Masu kallon naka kuma a waya za su kalla, su rage shi zuwa 360p don su ma suna tattalin tasu datar, ko a tura musu ta WhatsApp ya matse shi ya koma abin da ya koma. Kuɗi ya zagaya, kamfanonin waya sun samu, kai kuma ka samu ladan ciyarwa.

Na san akwai mahassada. Babu mai arziki da ba shi da su. Za su ce maka wayar da ke aljihunka, ko da matsakaiciya ce ta 'yan shekarun nan, ta fi wannan kyamarar fitar da hoto, saboda kamfanonin waya suna zuba dukiya mai yawa a kan idon wayar da manhajar da ke gyara hoton, kuma tana saita gani da kanta, ka tace bidiyon a cikinta ka ɗora nan take ba sai ka nemi kwamfuta ba. Za su ce ka raba kuɗin uku: ka sayi makirufon maƙalawa, ka sayi ƙafar da za ta riƙe wayar ta daina rawa, ka sayi 'yar fitila, ko ma ka zauna kana fuskantar taga da hantsi ka bar kuɗin fitilar a aljihu. Duk waɗannan, in ji su, ana samun su a Farm Centre ko Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, har canji ya rage. Za su kawo maka labarin yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda suka riƙa shirya gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, har duniya ta san da su a 2019, har J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Za su ce Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine na 2015 da wayoyin iPhone 5S guda uku, ya kai shi bikin Sundance, ko da yake murya da kayan ƙwararru ya ɗauke ta, kuma shi ne ya ci kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 2025. Masu dogon tunani a cikinsu har Turmin Danya za su tuna maka, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 a kaset ɗin bidiyo, su ce da wannan hoto mai hazo aka kafa masana'anta guda, don akwai labarin da ake son ji.

Duk mun ji. Amma mahassadan nan sun manta da tambaya ɗaya: wa ke ba mai waya hanya? Ka je wajen ɗaurin aure ko saukar karatu ka ɗaga waya, kai da yaron da ke bayanka ɗaya kuke. Ka fito da gimbiya, ka zura hannu a maɗaurinta, ka buɗe ɗan allon gefe ka juya shi, ka ɗora mata malafarta, sai ka ji ana cewa, "Ku matsa wa mai hoto! Yallaɓai, ga kujera nan gaba." A kawo maka lemo da naman kaza kafin a kai wa dangin ango. Wannan shi ne ainihin aikinta, kuma ba ta taɓa gazawa a kansa ba. Abin da zai faru bayan mako biyu, ranar da uwar amarya za ta zauna da ƙawayenta a kunna musu, wannan kuma tsakaninka da ita ne, kyamara ta riga ta sauke nata nauyin.

Tarihi ma ya shaida juriyarta. A Amurka an yi wata 'yar kyamarar aljihu mai suna Flip, wadda ta yi tashe wajen masu ɗora bidiyo a intanet, har kamfanin Cisco ya sayi masu yin ta a kan dala miliyan 590 a 2009. A watan Afrilun 2011 ya rufe sana'ar, lokacin da wayoyi ke cinye kasuwar. Laifin Flip shi ne hoto take sayarwa, da aka samu mai yin hoton a cikin waya sai ta rasa abin yi. Gimbiyarmu ba ta taɓa dogara da hoto ba, shi ya sa ba wayar da za ta iya kashe ta.

Akwai wasu mahassadan masu ɗan sassauci, waɗanda ke cewa in dai lallai sai kyamara, to a nemi ta hannu daga kamfani mai suna. Misali Canon 600D ta 2011, wadda sansarta ta ninka sulusin incin nan kusan sau 19 a girma, tana da allo mai juyawa da kafar makirufo, ana kuma canza mata gilashi. Amma dubi rashin kunyarta: 1080p kawai ta ce tana yi, kuma shi take yi. Ba ta ɓoye cewa takan tsaya bayan kamar minti 12 in fayil ya kai gigabayit huɗu, kuma saita ganinta a bidiyo sai ka taimaka mata da hannu. Ga ƙarzuwa a jiki, ga ba kwali. Mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni, sannan ya ɗauko abin da wani ya gama yayinsa, ba leda ba ƙamshin sabunta? Da me zai yi bidiyon buɗe kwali?

Falalarta ta ƙarshe ita ce mafi girma, kuma ba a cika faɗar ta ba. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai ta hanyar dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Wannan yana nufin zama a yi tunani, a rubuta abin da za a faɗa, a ɗauka, a sake ɗauka, a tace, mako bayan mako, alhali masu kallo ba su wuce 'yan gidanku ba. Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube, a watan Afrilun 2005, sakan 19 ne na Jawed Karim tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego, kuma ba wanda ya tambayi da me aka ɗauke shi. Mai waya ba shi da mafaka: in abinsa bai karɓu ba, dole ya dubi kansa ya tambaya ko yana da abin faɗa. Gimbiya tana tsare maka wannan baƙin ciki. Watannin da ka yi kana tara kuɗinta, hutu ne halal, don ba a fara aiki ba kayan aiki. Ranar da ta iso ka yi bidiyo uku ba wanda ya kalla, ga wadda za ta ɗauki laifin ba musu. Sai ka mayar da ita jakarta ka sa a saman sif, ka shiga tara kuɗin wadda ta fi ta, mutuncinka yana nan ba abin da ya taɓa shi. In ka matsu kuma akwai ƙanenka ko yaron shagonku da shi ma yake mafarkin zama tauraro, ka sallama masa a rabin kuɗi, ya yi maka addu'a.

Ga mai niyyar saye, akwai ladubban da ya kamata ya kiyaye. Kada ya ce a sa memori a ɗauki minti ɗaya a cikin shago a kunna a babban allo, wannan rashin yarda ne, kuma ɗan allonta mai inci uku ya fi nuna kyanta. Kada ya ɗauki abu ɗaya da ita da wayarsa ya jera su, haɗa faɗa ne. Kada ya nemi bidiyon da wasu suka ɗauka da ita a intanet, ya wadatu da hoton tsuntsu mai launi da ke jikin kwalin, wanda ba a ce ita ta ɗauka ba, ba a kuma ce ba ita ba ce. Kada ya tambayi inda ake gyara ta ko inda ake samun batirinta. In mai shago mai tsoron Allah ne ya ce, "Alhaji, da ka bar wannan ka ɗauki makirufo da ƙafa, wayarka ta ishe ka," ya gane so yake ya hana shi ci gaba, ya wuce shago na gaba.

Kuma ya hanzarta, domin ƙannenta sun fara shigowa, an rubuta musu 5K, wasu ma 8K, wato ɗigo 7,680 da 4,320, sama da miliyan 33. Jikin bai canza ba, gilashin bai canza ba, batir biyu ne har yanzu. In asalin ganinta 1080p ne, kowane ɗigo zai koma 16 ke nan, a kan ƙarin 'yan daloli kaɗan.